Daga Gumel zuwa Samaru, neman irin gyaɗa

Neman irin gyaɗa ne ya kai ni Zariya a ƙarshen daminar bana. A wajenmu, ƙasar Gumel, ruwa kan makara, ya kuma ɗauke, gyaɗa tana tsakiyar cika, sai ka tuge ka tarar da kwanso fal, ƙwaya kuwa a motse.

Na kwana Kano, da asuba na shiga mota. Tun daga Kwanar Dangora ƙasa ta sauya: masara ta fi mutum tsayi, dawa kore shar, ruwa kwance a gefen titi. Na sauka Kwangila, na tari keke napep zuwa Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka fi sani da IAR. Tun 1922 ake binciken noma a wurin, shekara 40 kafin a kafa jami'ar. Duk irin gyaɗar da ka ji ana ce wa SAMNUT, sunan Samaru ne a goshinsa.

Wani dattijon ma'aikaci ya zagaya da ni filin gwaji. Kunya-kunya ne a jere, kowace da ɗan allo mai lamba. Ya durƙusa ya nuna mini furen gyaɗa, ɗan mitsitsi, ruwan ɗorawa. Ya ce gyaɗa kanta take yi wa barbara, don haka mai son haɗa iri biyu sai ya zo da yamma da ɗan hantsaki, ya buɗe furen da bai tsage ba, ya cire ɓangaren namiji. Da sassafe ya dawo da garin furen wata gyaɗar ya shafa, ya ɗaura zare don shaida. Daga nan sai jiran tsinken da ke fitowa daga furen ya sunkuya ya shiga ƙasa. Abin da ya fito a yi ta shukawa ana zaɓe, damina bayan damina.

Na ce, "Baba, ku da ruwa ya wadace ku, ina kuka san fari?" Ya ce, "Malam, ai ba nan kaɗai ake gwadawa ba. Sai iri ya je Minjibir ya sha rana da rairayi kafin a yarda da shi." A Kano ɗin suna aiki tare da ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gonar yankuna masu ƙarancin ruwa.

Abin da na fi kamawa shi ne, babbar dabarar ita ce gyaɗa ta riga fari nuna. Tsofaffin iri kamar SAMNUT 10 kan wuce wata huɗu a gona, mu kuwa daminarmu ba ta kai haka. SAMNUT 24, da aka fitar a 2011, tana nuna cikin wata uku, ga ta da jure kuturtar gyaɗa. Wannan cuta ce ta cinye gonakin Arewa a 1975, bayan farin farkon shekarun 1970, har dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Kuma farin ƙarshen damina ba ƙwaya kawai yake ragewa ba: shi ke buɗe wa fumfuna ƙofa, mai sa gubar afalatoksin, wadda ke shiga ƙuli-ƙuli da tunkuzar da 'ya'yanmu ke ci. Nan jikina ya yi sanyi.

Na tambayi harawa, don manomin da ke da tumaki ba zai karɓi irin da ba ta da ganye ba, ko ta nuna a wata biyu. Ya ce suna auna wannan ma.

Damuwata ɗaya ce: aikin nan duk an yi shi, amma a kasuwannin ƙauyukanmu irin da ake aunawa a tiya gauraye ne, ba wanda ya san asalinsa. Na samu 'yan mudu na SAMNUT 24, na yi azahar a Samaru, na kama hanyar Kano. In Allah ya kai mu baɗi, ni da maƙwabtana za mu shuka su a gona guda don mu fitar da iri, kowa ya samu nasa.