Abin da Ɗan Masunta Ya Gano a Ƙarƙashin Bahar Maliya

A garinmu, wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja cikin ƙasar Auyo, da abu guda ake auna gwanin nutso: daɗewarsa bai ɗago kai ba. In koma ta maƙale a kututture, ko kuma, Allah Ya kiyaye, kwalekwale ya kife, wanda ake nema shi ne mai cika ƙirji da iska ya ɓace har mutanen bakin gaɓa su fara salati. Gidanmu gidan su ne kaka da kakanni, a kan wannan na tashi. Da karatu ya kai ni Masar, abokai suka ja ni Dahab, wani gari a gaɓar Bahar Maliya, a wani hutu, na shiga ajin koyon nutso da tukunyar iska. Malaminmu, wani Balarabe ɗan yankin Sina, da ya ji sana'ar gidanmu sai ya ce irina ne ya fi sa wa ido, ba waɗanda ko iyo ba su goge ba. Dalilinsa shi ne doka ta farko a wannan harka: matuƙar tukunya na bayanka, ba a riƙe numfashi ko na ƙiftawar ido.

Sai an fahimci lissafin sannan dokar take zama a kai. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara maka matsi daidai da nauyin dukkan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Ke nan a mita 10 matsin ninki biyu ne, a mita 30 ninki huɗu. Masunci da ya shaƙi iskarsa a sama, yana sauka tana tsukewa a huhunsa, yana hawowa tana komawa yadda take, babu abin da zai same shi. Mai tukunya kuwa a can ƙasa yake cika huhu, da iskar da aka riga aka danne. Idan ya cika ƙirji a mita 10 ya kame baki ya taso, kafin ya iso sama iskar ta kumbura ninki biyu, huhu ya yage, kumfa ta shiga jini. Abin da ke sa a yabi mutum a garinmu shi ne abin da ke kashe mutum a can. Ban sha wuya da motsa ƙafa ko daidaita kunne ba, wato toshe hanci a hura a hankali duk 'yar sauka, don mun san zafin kunne tun muna yara, kuma mun san dattawan da dodon kunnensu ya fashe a ruwa. Abin da ya ci mini lokaci shi ne raba ƙirjina da ɗabi'ar kamewa duk sanda na ga wani abin mamaki.

Kayan ba su da wani sirri. Tukunyar da aka saba mai lita 12 ce, a danna mata iska har ninki 200 na matsin waje. Iska ce kawai irin wadda muke shaƙa, an tace ta an busar, ba oksijin zalla ba kamar yadda mutane ke ɗauka. Shi oksijin zalla ma in ka wuce wajen mita 6 da shi dafi yake zama, ya sa mutum farfaɗiya a cikin ruwa. Sai na'urar baki mai sassauta matsin, wadda Jak Kusto da wani injiniya Emil Ganyan suka ƙera a Faransa a 1943. Sai riga mai hurawa, ɗamarar darma, tabarau, da faffaɗan takalmin roba. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita, saboda haka tana tallafe mutum, sai an ƙara darma kafin a nitse.

Abin da ya fara girgiza ni shi ne gani. Mu a ruwanmu, musamman da damina, ka miƙa hannu ba za ka ga yatsunka ba, da lalube muke aiki. Ita Bahar Maliya babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba mata laka, sai ka hangi mita 20 ko 30 a gabanka. A Ras Muhammad, can ƙarshen yankin Sina inda gwamnatin Masar ta killace tun 1983, akwai bangon murjani da ya miƙe ƙasa har ido ya gaza, kai kuma kana rataye a gefensa babu abin takawa. Murjanin nan da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, ashe danginsa ne suka gina wannan bango, kuma dabbobi ne ƙanana, ba dutse ba, ba tsiro ba. Wasu irinsu ba sa ƙara fiye da santimita guda a shekara, shi ya sa dukan takalmi ɗaya kan ɓarnatar da ginin shekaru da yawa. A cikin jikinsu akwai wani gansakuka da ke ciyar da su da hasken rana. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai su kore shi, su yi fari fat, in zafin ya daɗe su mutu. Haka ya faru a babban shingen murjani na Ostireliya, mai tsawon kilomita 2,300, a 2016 da 2017 da kuma 2024.

Kifi kuwa sai dai a ce tubarkalla, sama da iri dubu ne a wannan teku. Da na dawo gida ina ba da labari a dandali, Kawu ya tsayar da ni.

"Tsaya, yaro. Ka ce kifi ya zo har gaban hancinka?"

"Har ya tsaya yana kallona, Kawu."

"Ka kuma bar shi ya wuce?"

Na ce masa a wurin an hana su, ko ɗaukar ɓawon kumba laifi ne. Ya girgiza kai ya ce lallai boko ya gama da ni. Na bar shi a haka, amma na san abin da na gani: kifayen sun yi girman da karfasa da giwan ruwanmu suka daina yi tun da ƙananan raga masu kwashe har 'ya'ya suka cika kogi. Rashin taɓawar ma kariya ce ga kai kanka. Akwai murjani mai ƙuna kamar wuta, akwai kifin da ya yi kama da dutse sak, ƙayarsa dafi ce mai kai mutum asibiti. Wanda ya taɓa damƙar minjirya a lalube ya san darasin.

A Ras Muhammad ɗin akwai wani wuri da ke ba kowa dariya. Wani jirgin kaya mai suna Yolanda ya daki murjani a 1980, daga baya gangar jirgin ta zame ta faɗa zurfi, ta bar kayanta a warwatse: tarin masai na tangaran da bahon wanka, kifaye na shige da fice a ciki.

Wanda ya fi suna a duk jiragen da suka nitse a yankin shi ne Thistlegorm, na Ingila. Ya taso daga Gilasgo a 1941 da kayan yaƙi zuwa Iskandariya, ya zagayo ta ƙasan Afirka saboda Bahar Rum ta yi haɗari, ya jefa anga yana jiran izinin shiga mashigin Suwez. A daren 6 ga Oktoba jiragen saman Jamus suka same shi, bam ya faɗa rumbun harsasai, jirgin ya tsage ya nitse, mutum 9 suka mutu. Yana kwance a wajen mita 30. Tun kafin asuba muka bar gaɓa, a kan jirgin da ya ɗauke mu muka yi salla, tafiyar awanni ce. Ruwan wurin yana da ja, don haka da igiya ake sauka, hannu bayan hannu. Cikin rumbunan ga babura jere a bayan manyan motoci, ga bindigogi a akwatuna, ga takalman roba, tayoyi har yau da zanensu. Kan jirgin ƙasa guda biyu da ya ɗauko, ƙarfin fashewar ya wurga su waje, ɗaya dama ɗaya hagu. Kusto ne ya fara gano shi a shekarun 1950, sannan aka manta da wurin har farkon shekarun 1990.

A nan na ga amfanin ƙidaya. A mita 30 kowane numfashi yana cin ninki huɗu na abin da yake ci a sama, allurar tukunya tana sauka kana kallo. Kuma naitirojin da ke cikin iskar yana narkewa a jini da tsoka saboda matsi. Jadawalin masu nutso ya ba ka wajen minti 20 kacal a wannan zurfi, alhali a mita 18 kana da kusan awa guda. In ka zarce, ko ka taso a guje, zai fito maka kamar robar kunun aya da ta kwana aka murɗe murfinta gaba ɗaya: kumfa a gaɓoɓi, a laka, wani lokaci shanyewar jiki. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutson da aka maimaita. Wannan naitirojin ɗin dai, daga wajen mita 30, yana sa maye. Wani rami mai shuɗin ruwa a gaɓar Dahab, mai zurfin sama da mita 100, yana da wata ƙofa a wajen mita 55 da ke fita teku, ta ci rayukan masu nutso da yawa da suka ce sai sun ratsa ta da iska ta yau da kullum. Mu a gefen bango muka tsaya, iyakar masu nutson shaƙatawa mita 40 ce.

Akwai jirgin da na ƙi sauka kansa. Salem Express ya taso daga Jidda a Disambar 1991 cike da ma'aikata da masu dawowa daga Umara, ya daki murjani da dare kusa da tashar jiragen ruwa ta Safaga a Masar, ya nitse cikin mintuna. A ƙidayar hukuma sama da mutum 460 ne suka rasu, kuma ba duka aka fito da su ba. Ana kai baƙi wurin, suna ganin akwatuna da tsarabar da mutane suka sayo wa iyalansu. Abokan tafiyata sun sauka, ban ga laifinsu ba, da yawansu sun fito jiki a sanyaye. Ni dai na zauna a sama na yi wa mamatan addu'a. Wanda ya taɓa riƙe ƙafar gawa a ƙasan kogi yana jawo ta, ba zai biya kuɗi ya je kallon maƙabarta ba. Haka nake ji game da tafkin tsibiran Cuk a tekun Fasifik, inda Amurka ta nitsar da jiragen Japan masu yawa a Fabrairun 1944, da Yongala na Ostireliya da ya tafi da mutum 122 a 1911. Zenobia na gaɓar Kubrus, da ya nitse a 1980 da manyan motoci sama da 100 bayan an kwashe mutanen ciki, da Umbria na Fot Sudan da matuƙinsa ɗan Italiya ya nitsar da gangan a 1940, waɗannan ƙarfe ne kawai, in Allah Ya hore zan je.

Tun bayan hatsarin Ɓagwai na ƙarshen Nuwamba 2021, da jirgi ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya, samarin garinmu suke damuna da tambayar ko wannan ilimi zai yi aiki a nan. Sarkin Ruwa ma ya kira ni. Wani ya riga ya kawo masa shawarar a ari injin mai faci, a jona dogon tiyo, mutum ya sa a baki ya sauka. Wani kuma ya ce a sayo tukunyar masu walda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, duka biyun kisan kai ne."

Injin mai faci yana haɗa iska da tururin baƙin mai da hayaƙin inji, kuma matsin ruwa yana ninka dafin hayaƙin a jini, mutum ya suma ba tare da ya ji komai ba. In injin ya mutu kuma, na ƙasa zai taso a firgice da ƙirji a kame. Tukunyar walda oksijin ce zalla, na riga na faɗi abin da take yi. Ko da kayan ƙwarai ne a hannu, ruwanmu ya fi na Masar wuya nesa ba kusa ba: ba gani, ga tsofaffin raga, ga saiwar kacala, ga itatuwan da madatsu irin Tiga suka haɗiye. Ƙasarmu kuma tudu ce, Kano ta haura mita 450 sama da teku, jadawalin nutso kuwa an yi shi ne don wuraren da ba su wuce mita 300 ba, sai an gyara lissafi. A birnin Sharmul Shaikh na Masar akwai ɗakin matsi da ake sa wanda kumfa ta kama. Mu asibitin da ya fi kusa ma sai an nemi babur.

Abin da ya yiwu shi muka ɗauka. Yanzu ba wanda ke nutson ceto ko warware koma shi kaɗai, dole da abokin da idonsa ke kansa, da igiya a ƙugu mai kullin da ke saurin kwancewa, da yarjejeniyar abin da ja ɗaya ko ja uku ke nufi, da wuƙa ɗaure a damtse saboda raga. Mai mura ba ya sauka. Tabarau da takalmin roba da na zo da su suna yawo hannu-hannu da rani, lokacin da ruwa ya kwanta ya ɗan washe. Tukunya ban sayo ba, don babu inda zan cika ta da iskar da zan yarda in ba ɗan wani ya shaƙa. Sarkin Ruwa ya ce in rubuta kuɗin horar da samari biyu da na injin cika tukunya na gaskiya, zai kai wa Hakimi bayan girbi.