Sati uku inshorata ta yi a mace, har yau ina biyan bashin

Ni aikina zanen kwali da takardar da ake mannawa a jikin kaya ne a kwamfuta, ba ni da oga ba ni da ofis, kwastoma ya turo aiki in yi in tura masa. Shekara huɗu ina haka ba ruwana da inshora, sai da wani kamfani ya ce ba ya sa hannu da kowa sai mai inshorar kuskuren sana'a, sannan na je na yanka. Na ɗauki ta takaful don hankalina ya fi kwanciya da tsarinta, kowa ya zuba gudummawarsa a asusu ɗaya, wanda tsautsayi ya faɗa wa a cire a rufa masa asiri. Na biya na shekara, aka ba ni takardu shafi kusan 30, na karanta na farko na ajiye sauran.

Ana cikin wata na tara na yi wa wani kwastoma zanen kwalba iri biyu, babba da ƙarama. Don in rage wa kaina aiki sai na kwafi fayil ɗin ƙaramar na faɗaɗa shi, na canza komai amma na manta barkod, wannan lambar mai alƙaluma 13 da injin shago yake karantawa. Aka buga, aka manna, kaya suka shiga kasuwa, duk wanda ya ɗauki babbar kwalba injin sai ya fito masa da kuɗin ƙarama.

Kuskuren barkod ɗin bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba, don irin wannan kuskuren ai shi na yanki inshorar dominsa. Abin da yake ci min rai shi ne wani saƙon WhatsApp da ya shigo a wata na 11, inshorata na da rai a lokacin, mutumin ya rubuta min cewa wani shago ya ce lambar tana fito da ƙaramar kwalba, in ɗan duba. Na ce masa wataƙila injinsu ne, zan duba, wallahi ban duba ba, aiki ya sha min kai na manta. Wata na 12 ya ƙare, aka turo min in sabunta, lokacin hannuna babu nauyi na ce bari wani kuɗi da nake jira ya shigo tukuna. A cikin sati ukun nan takardar lauyansa ta iso, yana neman kuɗin sake bugu da na kwaso kayan daga shaguna da asarar da ya yi a farashi.

Hankalina kwance na kira masu inshorar, don a tunanina ai aikin na yi shi ne lokacin da nake da inshora. Matar da ta ɗauki wayar ta ce min ranka ya daɗe wannan ba haka take aiki ba. Ashe inshorar kuskuren sana'a yawanci ba ranar da ka yi kuskuren take kallo ba, ranar da aka kawo maka ƙorafin ka sanar da su take kallo, in ranar ta same ka ba ka da ita shi kenan, ko da ka shekara biyar kana biya. Na ce to bari in sabunta yanzu-yanzu, ta ce zan iya, amma sabuwar ba za ta ɗauki matsalar da na riga na san da ita ba, kuma tunda na bari ta yanke, ranar da za su fara lissafin tsofaffin ayyukana ma ta dawo sabuwa.

Sai ta tambaye ni ko akwai wata alama da na gani kafin ta ƙare. Na karanta mata saƙon nan. Ta yi shiru, ta ce da na turo musu shi a lokacin, ko da babu wanda ya nemi kuɗi tukuna, da sun rubuta shi a matsayin abin da ka iya zama ƙorafi, duk abin da ya taso daga baya yana kan tsohuwar inshorar. Imel ɗaya fa, minti biyu ba zai ci ba. Na koma na buɗe takardun nan da na ajiye, ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro a shafi na 14.

A ruɗe kuma na ƙara wani kuskuren, na rubuta wa kwastoman cewa laifina ne zan biya komai, daga baya na ga ko da inshorar tana nan, sharaɗi ne kar ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya sai da izininsu. Allah ya sa mutumin mai sauƙin kai ne, muka zauna ya rage wani abu, sauran nake biya duk wata.

Yanzu na sa banki ya riƙa cire kuɗin sabuntawa da kansa, ko ba ni da na data gara wannan ya fita. Duk kwastoman da ya ce min "akwai 'yar matsala" a ranar nake tura wa masu inshorar, sau uku na yi haka bana duk ba abin da ya biyo baya, kuma ban ji kunyar damun su ba. Ba na sakin fayil zuwa wajen bugu sai mai kayan ya duba ya amsa min a rubuce, barkod kuwa da wayata nake gwada shi sau biyu. Na kuma tambaye su in na bar sana'ar fa, suka ce akwai wadda ake ci gaba da biya don tsofaffin ayyuka, tunda ƙorafi na iya zuwa bayan shekaru. Saƙon nan dai yana nan a wayata ban goge ba, saura wata bakwai in gama biya.