Kafin ka ce bakanike ya cuce ka

Abokaina masu babur sukan zo mini da tambaya iri ɗaya: "Kuɗin nan da aka karɓa a hannuna, daidai ne ko an yanke ni?" Sai mutum ya faɗi jimilla ya zuba mini ido. Ni ba bakanike ba ne, mai hawa ne da ya daɗe yana zama a bakin gareji yana kallon hannun masu aiki. Jimilla ita kaɗai ba ta gaya mini komai. Abin da nake tambaya shi ne: me bakaniken ya gwada kafin ya faɗi kuɗin?

A ganina, yawancin cutar da ake yi wa mai babur ba a wurin biya take faruwa ba. Tun a wurin gano matsalar ake yin ta. Mutum zai iya sayar maka da kaya a farashin kasuwa, ya karɓi kuɗin aiki mai sauƙi, amma duk da haka ya cuce ka, domin abin da ya canza lafiyarsa ƙalau.

Ɗauki babur da ya ƙi tashi da safe. Bakanike mai gaskiya yana da tsari, kuma daga mai araha yake farawa. Zai duba ko mai yana sauka, ya kwance fulogi ya ga ko yana ba da wuta, ya leƙa fiyus, sannan ya ɗora mita a kan batir. Batir mai lafiya da ya cika yakan nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake. Idan aka tayar aka ɗan murɗa, ya kamata mita ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5, alamar babur yana mayar wa batir da caji. Wannan awo na biyu shi nake sa wa ido. Wanda ya ce maka batir ya mutu bai yi shi ba, ƙila gaskiya ya faɗa, amma rabinta. In abin da ke daidaita caji ne ya lalace, sabon batir ɗin ma zai bi tsohon, kai kuma ka koma ka sake biya.

Babban kuɗi yana fita ne ranar da aka ce za a buɗe inji, don haka a nan nake dagewa. Hayaƙin salansa yana da launi, kuma kowane launi da abin da yake nufi. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi wa iska yawa, sau da dama matatar iska ce ta toshe ko kabureta ke son wanki da saiti, aikin da bai kai a taɓa fistin ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi man inji ne yake ƙonewa, a nan kam zancen ringi ko robobin bawul yana da tushe. Fulogi ma yana ba da shaida: bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa in komai daidai ne, baƙi busasshe in fetur ya yi yawa, jiƙe da mai in inji na shan mai. Akwai kuma na'urar auna matsin inji, wadda ake ɗaurawa a ramin fulogi, aikin 'yan mintoci. Ko matsin ya yi ƙasa, ba lalle ringi ba ne. Bawul da ya matse yakan jawo haka, kuma saitinsa, wanda ake yi inji na sanyi, bai wuce kashi kaɗan na kuɗin buɗe inji ba. Saboda haka idan aka saurari ƙarar babur daga nesa aka ce mini sai an sauke inji, nakan ce, "Malam, nuna mini abin da ka gani." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Galibi ma murna yake yi, ya jawo ka kusa ya nuna maka da yatsa.

Haka zancen kuloc da ke suɓucewa, inji na ihu babur ba ya gudu. Kafin a ce faranti sun cinye, a fara duba wayar kuloc, ko an ɗaure ta fiye da kima. A kuma tambayi wane mai aka zuba. A yawancin babura kuloc yana wanka ne a cikin man inji, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya da ke sa shi santsi. Shi ya sa ake neman alamar JASO MA a jikin galan, ma'aunin da Japan ta fitar domin man babur.

Idan an gama gano ciwon, sai batun lissafi. Ba na karɓar kuɗi a dunƙule. Ina so a raba mini biyu, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, a rubuce ko da a bayan kwali ne. Kuɗi a dunƙule ba shi da wurin kamawa. Ba za ka san inda aka ƙara ba, shi ma ba zai iya kare kansa ba in ka zarge shi.

Kaya hawa uku ne: na kamfanin da ya ƙera babur ɗin, na wasu kamfanoni masu suna da ke yin irinsa da kyau, sai jabu. Babu laifi a sa maka na biyu, ni kaina nakan zaɓe shi a abubuwa da yawa. Laifin shi ne a sa maka na ƙasa a karɓi kuɗin na sama. Nemi ganin kwalin kafin a farke, ka duba lambar kayan, ka tambayi farashinta a wurin masu sayarwa. Idan ka tarar ya ɗora 'yar riba, kada ka ɗaga murya. Shi ya je ya nemo, shi ya san wanda zai shiga, shi kuma zai ɗauki asara in bai yi ba. Riba daban, ninki daban. Taya kuwa tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe: lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 1522 na nufin mako na 15 na 2022. Tayar da ta shekara da shekaru a ajiye ba ta cancanci kuɗin sabuwa ba, ko da zanenta bai taɓa ƙasa ba.

Sannan a ba ni tsofaffin kayana. Tun kafin a fara aiki nake faɗin haka, cikin ladabi, ba bayan an gama ba. Gani ya kori ji. Birkin da ya cinye har ƙarfe ya kusa fitowa, ko boris da ke ƙara in ka juya shi a hannu, ba sa bukatar dogon bayani.

Kuɗin aiki ya fi wuyar aunawa, kuma a nan ne masu babur suka fi yin zargi ba bisa haƙƙi ba. Manyan dillalan babura suna aiki da jadawalin da kamfani ke fitarwa, mai nuna tsawon lokacin da kowane gyara ya kamata ya ci, sai su lissafa kuɗi a kan sa'a. Ƙaramin gareji ba shi da wannan takarda, amma tunanin ɗaya ne: abubuwa nawa za a kwance kafin a kai ga wurin? Akwai robar tare mai da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma kafin a kai gare ta sai an raba inji biyu. Kuɗin aiki ya ninka na kaya sau da yawa a irin wannan, kuma daidai ne. Noti da ya yi tsatsa ya karye a ciki yakan cinye rabin yini, wannan ma lokaci ne na mutum. Abin da ba daidai ba shi ne a biya aiki ɗaya sau uku. In an cire ƙafar baya don canza taya, kuma a lokacin aka canza birki da faranti mai haƙora da kaca ke bi, sau ɗaya aka cire ƙafar. Bai kamata a lissafa kowanne kamar an zo da shi ranarsa daban ba.

Tun da na ambaci kaca, bari in wanke kanikawa daga wani zargi. Idan ka je canza kaca aka ce sai ka haɗa da farantan gaba da baya, yawanci ba dabarar cin kuɗi ba ce. Tare suke cinyewa. Dubi haƙoran: in sun yi tsini sun karkata gefe guda, za su lalata sabuwar kaca cikin ɗan lokaci. Haka kuma wanda ya gano wayar da ta gutsure a ƙarƙashin tanki cikin minti goma, bayan wasu sun canza maka kwayil da fulogi a banza, ya cancanci a biya shi da kyau. Ba minti goman kake biya ba, shekarun da ya yi kafin idonsa ya iya zuwa wurin kai tsaye kake biya. Yana ɓata mini rai in ga mutum ya biya kuɗin kayan da ba ya bukata ba tare da ko tari ba, sannan ya tsaya yana ciniki a kan ladan wanda ya warware masa matsalar da hannu kawai. Irin wannan hali namu ne ke koya wa wasu kanikawa cewa in ba su canza wani abu ba, ba za a biya su ba.

Abu biyu nake yarjejeniya a kansu kafin in bar makulli. In ya buɗe ya tarar da wata ɓarna da ba mu yi maganarta ba, ya kira ni kafin ya taɓa. In kuma matsalar da na kawo ta dawo bayan 'yan kwanaki, zai sake dubawa ba tare da sabon kuɗin aiki ba. Yadda mutum ya amsa waɗannan biyun yakan nuna mini ko ya yarda da aikin hannunsa.

In kuɗin da aka faɗa babba ne kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, kai babur wani gareji. Sai dai kada ka je ka ce, "An ce mini ringi ne, nawa za ka yi?" In ka yi haka, farashi kawai za ka kwatanta, alhali ba a tabbatar da ciwon ba. Gaya masa abin da babur yake yi: yaushe yake hayaƙi, wane launi, da sanyi ko bayan ya yi zafi, mai yana raguwa ko a'a. Ka yi shiru ka bar shi ya bincika da kansa. In bakinsu ya zo ɗaya, sai ka kwatanta kuɗin kaya da na aiki, layi bayan layi. In suka saɓa, ka bi wanda ya yi awo a gabanka.