Bakin Inna ya bushe, mu muna ta cewa hunturu ne

Tun farkon hunturun bara Inna take ƙorafin bakinta ya bushe kamar ta ci gari, mu kuwa muka ce ai iska ce, waye a ƙauyen nan leɓensa bai tsage ba. Ni da kaina in na je kasuwar Gujungu sai na sayo mata Tom Tom wai ta riƙa tsotsa yawu ya zo, Allah ya yafe min, ashe ƙara mata ciwo nake.

Tuwo ne ya fara bani tsoro. Loma ɗaya ta tuwon dawa sai ta kora da ruwa, miyar kuka duk santsinta bata kai shi ba, goron ma da bata wasa dashi ta ajiye tace dusa yake zama a bakinta. Da daddare moɗa na gefen katifa, ta sha ta fita fitsari ta dawo ta sha, har asuba.

Da muka je asibiti aka soki yatsanta kafin ta karya, na'urar ta nuna 14. Likitan yace daga 7 zuwa sama ai ciwon suga ne, sai ya leƙa bakinta da tocila yace "Baba, buɗe da kyau", ya nuna min fari-fari a harshenta da dasashi duk ya kumbura.

Yadda na gane bayaninsa, yawu kusan duk ruwa ne, mai lafiya yana yin wajen lita 1 a rana daga wasu 'yan jakunkuna a gaban kunne da ƙasan muƙamuƙi da ƙasan harshe. In suga ya hau, ƙoda ce ke korar shi ta fitsari ya tafi da ruwan jiki, yawun ya ragu yayi kauri, ɗan wanda ya rage kuma akwai suga a ciki, ƙwayoyin cuta sun samu abinci kenan. Alhali yawun ne ke wanke baki yana kashe tsamin da ke cin haƙori. Ni da nake ganin tofarwa kawai ake dashi!

Yanzu tana kan magani, asuwaki safe da dare, shayi babu suga (har yau tana min mita akan wannan). Jiya na ganta ta ɓare goro a ɓoye, na yi kamar ban gani ba.