Hotunan gidanmu da kwamfutoci uku

Jiya da daddare na zauna na tattara hotunan gidanmu wuri guda, aikin da na daɗe ina cewa sai gobe. Abin da ya zaburar da ni wayar Yaya ce, da ta faɗa ruwa a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu. Hotunan sunan 'yarsa duk suna ciki, kuma bai ajiye su ko'ina ba. Har yau in aka tada zancen sai ya yi shiru.

Gidanmu a nan Birnin Kebbi kowa da irin na'urarsa. Tawa Windows ce, ƙanwata Mac gare ta, autanmu kuwa ya ɗora Linux a tsohuwar kwamfutar Baba. Na sayo faifan ajiya, muka jona wa Mac, ta buɗe hotunan da na zuba a ciki amma ta ƙi ƙara ko ɗaya a kai. Ashe tsarin NTFS ne a kansa, wato tsarin ajiyar fayil na Windows, wanda Mac ke iya karantawa amma ba ta rubutu a kai. Auta ya kwashe komai gefe tukuna, don sauya tsari yana goge faifai, sannan ya mayar da shi wani tsarin, exFAT. Nan take duka ukun suka karanta, suka rubuta. Na so tsohon tsarin FAT32, ya yi dariya: ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce giga 4, bidiyon bikin Anti kuwa ya fi haka.

Masu cewa ai hotunansu na WhatsApp, ku sani matse su yake yi, ingancinsu ya ragu. Wurin ajiya na giga 15 na kyauta a Google kuma tare da Gmail ake raba shi, nawa ya cika tuni.

Na yi kwafi na biyu, ranar Juma'a zan kai gidan Gwaggo a Jega.