Jiki ba ya manta yunwa

Aikin ba da shawara kan abinci a asibiti ya haɗa ni da mutane masu labari iri ɗaya. Mutum ya takura cikinsa wata biyu ko uku, ya sauke kilo goma, kafin shekara ta zagayo nauyin ya dawo har da ƙari. Sai ya sake ɗaura ɗamara, ya sake ramewa, ƙibar ta sake dawowa. Kusan kowannensu kansa yake zargi da rashin juriya, kuma wannan zargin yana ci mini rai.

Jiki bai san ana rage ƙiba ba. A wurinsa fari aka shiga, sai ya fara tsimi. Ko mutum kwance yake, zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa suna ƙona kuzari, kuma wannan ne kaso mafi tsoka na abin da ake ƙonawa a yini. Da abinci ya ragu, jiki yakan rage shi.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ancel Keys a Jami'ar Minnesota ta Amurka, daga 1944 zuwa 1945. Maza 36 ne suka amince aka rage musu kusan rabin abincinsu tsawon wata 6. Sun rasa kusan kashi 25 cikin 100 na nauyinsu, kuzarin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ya ragu da kusan kashi 40. Da suka koma cin abinci, kitse ya riga tsoka dawowa, har ya zarce wanda suke da shi tun farko. Nan matsalar take ga mai hawa da sauka: sikeli zai nuna tsohon nauyinsa, amma kitsen ya ƙaru, tsokar ba ta gama komawa ba, ga shi har ya shiga wani sabon takurin.

Tsimin nan yana daɗewa. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa sun bibiyi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka. Bayan shekara 6, yawancinsu nauyi ya dawo musu, amma jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 (ma'aunin kuzari) a rana ƙasa da yadda ya kamata ga girmansu. Ga kuma yunwa: wani bincike na 2011 a Ostareliya ya gano cewa shekara guda bayan ramewa, sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana sama, sinadarin leptin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya yana ƙasa.

Shi ya sa kafin in rubuta wa mutum tsarin abinci nakan tambaye shi sau nawa ya taɓa ramewa ƙiba ta dawo. Nakan dage kan isasshen furotin da motsa jiki mai gina tsoka, sannan mu zauna mu tsara abin da zai riƙa ci bayan nauyin ya sauka.