Harafi ɗaya ya kulle mini kusurwa guda

Har yanzu in na tuna tambayar nan ta wasan cike gidajen allo da haruffan kalmomi (crossword) sai raina ya sosu: "Flower held by juveniles (4)". Gida huɗu ne, na riga na samu L a gida na uku, ga kuma fure a farkon jimla. Sai na rubuta LILY da biro, na wuce abina. Ashe NILE ce, Kogin Nilu. A wasan cike gidaje irin na jaridun Birtaniya, wanda suke kira cryptic, flower ba dole ba ne ya zama fure, yakan zama abin da ke gudana, daga flow, wato kogi. Amsar tana kwance a gabana tun farko a cikin juveNILEs, su kuwa held by aikinsu ke nan, su sanar da ni cewa wata kalma na riƙe da ita.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Harafin farkon amsar shi ne kan wata amsa mai sauka tsaye: "Almost time for darkness (5)". Ga L ɗina a sama, G a tsakiya, T a ƙasa, ba abin da ke faɗo mini sai LIGHT, alhali duhu ake nema. Na yi ta juya ta, har na fara zargin mai tsara wasan. NIGH ce almost, T gajarcen time ne, a haɗa a sami NIGHT. Tambaya mai sauƙi, amma harafin da na dasa da hannuna ya rufe mini ido.

Kusan kowace tambaya tana da hanya biyu zuwa amsa ɗaya. Akwai ma'ana kai tsaye, wadda kusan kullum take a farkon jimla ko a ƙarshenta. Sauran kalmomin umarni ne na yadda za a gina amsar harafi bayan harafi. Labarin da jimlar take bayarwa a zahiri, yara riƙe da fure, ado ne kawai da aka yi don a ɗauke wa mutum hankali. LILY ta biya rabin tambayar, ta bar held by juveniles ba su yi aikin komai ba. In dai akwai kalmar da ta rage ba ka san aikinta ba, to ba ka gama ba, ko da amsar ta shiga gidajenta daidai.

Abin da ya sa na yarda da wannan ɗari bisa ɗari shi ne wasan yana da ƙa'ida. Edward Powys Mathers, da ke sa hannu da sunan Torquemada, ya fara tsara wa jaridar Observer irin wannan wasa a 1926. Derrick Macnutt, wato Ximenes, ya gaje shi a 1939 har rasuwarsa a 1971, kuma shi ya shimfiɗa sharuɗɗan adalci da yawancin masu tsarawa ke bi. In ma'ana jam'i ce, amsa jam'i ce. In aikin da ya wuce ne, amsa ma haka. Haruffan da za a cakuɗa dole su kasance a rubuce cikin tambayar, ba a ce mutum ya nemo wata kalma mai kama sannan ya cakuɗa ta ba. An yarda a ba kalma babban harafin da ba ta cancanta ba, amma ba a yarda a ƙwace shi daga suna ba. Shi ya sa in na ga Nice ko Reading ko Polish a farkon jimla nake tsayawa: wataƙila an kai su can ne don a ɓoye cewa birnin Faransa ake nufi, ko garin Ingila, ko abin da ya shafi Poland.

Tsarin allon shi ya ƙara wa kuskurena tsada. Gida 15 ne a kwance, 15 a tsaye, kuma kusan rabin haruffan kowace amsa ne kawai ke haɗuwa da wata. A irin na Amurka kowane harafi yana da mai gadi ta ɓangare biyu, kuskure ba ya daɗewa sai ya tonu. A nan kuwa Y ɗin LILY ba wanda zai taɓa tuhumarta, L ɗin kuma ta zauna tana ɓatar da ni.

Yanzu ƙirga haruffa nake fara yi. In amsa gida shida ce, kuma ga kalma mai harafi shida kusa da wata mai nuna rikici ko lalacewa, irin su broken, drunk, upset, out, to cakuɗa haruffa ake nufi. "Listen out, making no noise (6)" SILENT ce. Nakan rubuta haruffan a da'ira a gefen takarda, wasula a tsakiya, in soke waɗanda suka riga suka sami gida, domin muddin suna jere yadda aka saba ido ba zai daina karanta tsohuwar kalmar ba. Daga nan sai ɓoyayyu: some, in, part of, held by. Su ne mafi sauƙi, su ne kuma suka fi kuɓuce wa mutum, don ba ya tsammanin za a ajiye masa amsa a fili haka. Jimla mai kalma biyu kacal galibi ma'ana biyu ce ta kalma ɗaya: "Left harbour (4)" PORT ce, hagun jirgin ruwa da kuma tashar jirgi.

Akwai cusa kalma cikin kalma. "Snoop around worker's larder (6)": PRY ta kewaye ANT, ga PANTRY. Akwai juyawa baya, kamar "Celebrity rats making a comeback (4)", STAR. A tambayar tsaye, up ko rising na nufin a karanta daga ƙasa zuwa sama, supporting kuma na nufin kalmar tana ƙarƙashin wata. Wadda ta fi ba ni wahala ita ce about. Takan nufi a cakuɗa, ko a kewaye, ko a juya, ko kuma a rubuta C, CA ko RE. Ba wata dabara sai gwada su ɗaya bayan ɗaya har lissafin gidaje ya fita.

Gajartattun kalmomi kam sai hadda, kuma yawancinsu daga rayuwar Birtaniya suke. Sailor AB ko TAR, worker ANT ko BEE, doctor DR, GP ko MO, learner L saboda alamar da mai koyon tuƙi ke maƙala wa mota. Love sifili ne a tanis, don haka O, haka ma duck a wasan kurket. Gold AU ko OR. Lambobin Romawa suna nan birjik: V, X, L, C, D, M. The French LE ko LA, the German DER, DIE ko DAS, the Spanish EL. Queen ta daɗe tana ba da ER, tun daga 2022 kuma King yana iya ba da CR. Flower ma tana da 'yan uwa: banker kogi ne saboda gaɓarsa, wato bank, number abin da ke kashe zafi, daga numb, wicked thing kyandir mai lagwani, wato wick. Da na san wannan dangi da wuri, da LILY ba ta samu shiga ba.

Biro kam na ajiye shi. Fensir nake riƙewa, kuma duk amsar da na tsinta ta hanyar ma'ana kaɗai, ba na cika mata haruffan mahaɗa da ƙarfi, sai in ɗiga mata alama a gefen lambarta. In kusurwa ta cije, ba tambayar da ta gagara nake fara tuhuma ba, masu ɗigon nan nake gogewa. Sau da yawa nan cutar take.

Masu kama da juna a furuci, inda ake sa we hear ko reportedly, suna buƙatar kunnen mutumin kudancin Ingila. Rain da reign ba gardama, amma court da caught, ko paw da pour, sauti ɗaya ne a wurinsu domin ba sa furta r a irin wannan wuri. Wanda ya koyi Turanci daga littafi sai ya sa wannan a ransa. Mai farawa kuwa, ƙaramin wasan jaridar Times mai gida 13 a kwance 13 a tsaye da suke kira Quick Cryptic, ko Quiptic na jaridar Guardian, sun fi dacewa da shi. In amsoshi sun fito, ya bi kowace tambaya kalma-kalma har ya ga inda kowane harafi ya fito, har da waɗanda ya ci.